Hula, gwiwa ko takalmi: wanne ya kamata ya fara cin kuɗinki kafin taron RollerCon?

Duk shekara a tsakiyar bazara, galibi cikin watan Yuli, dubban masu wasan takalmin taya kan yi wa birnin Las Begas na Amurka tsinke domin taron RollerCon, wanda aka fara a 2005. Kwanaki ake kwashewa ana darussa da gajerun wasanni tun safe har dare, ga kuma 'yan kasuwa sun baje kolin kayan wasa. Jigon taron shi ne rola dabi, wasan da Leo Seltzer ya ƙirƙiro a Shikago a 1935, wanda wasu mata a birnin Ostin na jihar Tekzas suka farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000. Yau yawancin ƙungiyoyi dokokin WFTDA, babbar hukumar rola dabi ta mata, suke bi, har da na Afirka ta Kudu da ƙungiyar CaiRollers ta Alƙahira. Da yake mata ne suka fi yawa a wasan, da mace zan yi magana, amma duk abin da zan faɗa ya shafi maza.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba: kowane ɓangare 'yan wasa biyar ne a fili, huɗu masu tarewa, ɗaya mai tauraro a hula. Ana zagaya fili ta hannun hagu, mai tauraro na neman kutsawa ta wuce abokan hamayya don ta ci maki, su kuma suna tare ta da kafaɗa da kwankwaso. Turmi ɗaya ba ya wuce minti 2, a huta daƙiƙa 30, a sake. Ke nan faɗuwa ba hatsari ba ce da kan zo jefi-jefi, wani ɓangare ne na wasan. A gida kina iya yin atisaye sau biyu a mako tare da mutanen da kika san yadda suke bugu. A babban taro kuwa sai ki yi wasa uku a yini guda da baƙin da ba ki san nauyin kafaɗarsu ba, a kan daɓen da ƙafarki ba ta taɓa takawa ba, ga gajiyar tafiya.

Ba a hawa fili sai da abu biyar bayan takalmi: hular kwano, robar haƙora, kariyar wuyan hannu, kariyar gwiwar hannu da kariyar gwiwa. Takalmin ma ba kowanne ba. Irin wanda muke ganin samari na sheƙa gudu da shi a titunan Kano ko Akara, mai tayoyi jere a layi ɗaya, alƙalan wasa kaɗai aka yarje wa sa shi. 'Yar wasa sai mai taya biyu gaba, biyu baya. Abin da na lura shi ne sabuwar shiga kan zuba kusan duk kuɗinta a takalmi, don shi ido ke gani, ta tattara canjin da ya rage ta sayi hula da kariyar gwiwa mafi araha. Ni a ganina an juya lissafin. Takalmi mai sauƙin kuɗi zai rage miki sauri ne kawai. Hula maras inganci kuwa abin da za ta jawo ba ya gyaruwa da kuɗi.

Hulunan da za ki tarar a kasuwa iri uku ne, kuma biyu daga ciki kamarsu ɗaya daga waje, nan ne ake yaudaruwa.

Ta farko mai laushin soso ce a ciki. Tana da daɗin sawa, tana shan gumi, ba ta da nauyi, kuma sau da yawa za ki ga an rubuta a kwalinta cewa tana jure bugu da yawa. Gaskiya ne soson na komawa yadda yake bayan an matse shi, amma dalilin rauninta ke nan. Idan ƙeya ta daki siminti da ƙarfi, soson kan matse gaba ɗaya nan take, ragowar ƙarfin bugun ya wuce kai tsaye zuwa ƙoƙon kai. Irin wannan hular ba ta cin jarrabawar hukumomin gwaji, shi ya sa ba za ki ga tambarinsu a cikinta ba. Ban ga dalilin da zai sa mai shiga wasan bangaza ta saye ta ba, komai arharta.

Ta biyu mai taurin soso ce, irin farin abin nan da ake dafe sabon talabijin da shi a kwali, amma wanda ya fi shi ƙarfi, sannan a ɗora masa siririn soso mai laushi. Aikinsa ya murƙushe a madadin kanki. Ki leƙa cikin hular ki nemi tambari biyu: CPSC da ASTM F1492. Na farko ma'aunin gwamnatin Amurka ne na hulunan keke, inda ake sako hula daga tsayin mita 2 a auna ƙarfin da ya isa ga kai. Na biyu na masu wasan taya ne, ana sako ta daga ƙasa da haka amma a maimaita a wuri guda. Hular da ta ci duka biyun ta amsa tambayoyi biyu da suka dame mu: mummunar faɗuwa guda ɗaya, da ƙananan buge-buge na yau da kullum. S1 Lifer na cikin wannan sahu, haka ma Certified Sweatsaver ta kamfanin Triple Eight. A nan sai an buɗe ido, domin kamfanin na da wata mai suna Sweatsaver zalla wadda ba ta da tambarin, kalma ɗaya ce ta raba su. A Turai tambarin da za ki fi gani shi ne EN 1078. Aibin wannan hula guda ne: da zarar ta sha mummunan bugu ta gama aiki, ko da ba ki ga tsaga ba. Idan hakan ya faru ranar farko ta taro, sai ki sayi wata kafin ki koma fili.

Ta uku hular hokin ƙanƙara ce, irin ta Bauer ko CCM. Ta fi sauran rufe ƙeya da gefen kai, ana iya ƙara mata faɗi ko a rage, kuma an yi ta ne don wasan da ake yawan karo. Tana ɗauke da tambarin HECC, hukumar tantance kayan hoki ta Amurka, mai kwanan watan ƙarewa, shekara shida da rabi daga ranar ƙira. Masu siffar kan da zagayayyar hula ba ta zauna musu suna samun sauƙi da ita. Sai dai masu kyaunta sun fi tsada, kuma saboda tudu da kwarin da ke bayanta ƙyallen tauraro kan yi wuyar zama, abin da kan ɓata wa mai tauraro rai a tsakiyar turmi.

Da za a ce in zaɓar wa ƙanwata, mai tambari biyu zan ɗauka, sai in ba ta zauna mata daidai ba mu koma ta hoki. Wasu hulunan na zuwa da wani siririn shimfiɗi mai zamewa a ciki da ake kira MIPS, fasahar ƙasar Siwidin, wanda aka yi don rage murɗawar kai idan bugu ya zo a karkace. In aljihu ya kai, ƙari ne mai kyau. Amma zaman hula a kai ya fi kowane ƙari. Ta sauko goshi, tazarar yatsu biyu sama da gira, maɗaurin ya kama ƙarƙashin haɓa, in kin girgiza kai kada ta yi rawa. Ki gwada ta da irin kitson da za ki je da shi, domin manyan kitso ko tulin gashi a ƙeya na ɗaga hula ya bar goshi a fili. Mai sa hijabi ta nemi siriri mai kama kai irin na wasanni, babu fil babu allura, ta gwada hular a kansa. Kuma duk abin da za ki saya na gwanjo, ban da hula. Ba ki san bugun da ta sha a kan mai ita ta farko ba.

Bayan kai sai gwiwa, domin ita ake koya miki faɗuwa a kai tun ranar farko. Kariyar da ke zuwa cikin ƙunshin nan na guda uku, gwiwa da gwiwar hannu da wuyan hannu a leda ɗaya, an yi ta ne don mai yawon shan iska a bakin titi wanda zai faɗi sau ɗaya a wata. Sosonta siriri ne, cikin 'yan makonni ya kwanta. Masu kauri irin 187 Killer Pads Pro ko Smith Scabs suna da soso mai hawa-hawa da babban kwanon roba a gaba, wanda a wasunsu ana ɓalle shi a sa sabo in ya cinye. Kokensu shi ne girma. Satin farko za ki ji kamar an ɗaura miki ƙwarya a kowace ƙafa, gicciya ƙafa a kwana ya yi wuya. Wannan yana wucewa, har ma yakan tilasta miki durƙusawa sosai, wanda dama shi ne tsayuwar da ake so. Akwai matsakaita da ƙwararrun masu tauraro ke so don sauƙin motsi, amma su sun riga sun iya faɗuwa. Wadda ba ta kai nan ba, ko mai jiki, ta ɗauki mai kauri.

Wani bambanci da ba a cika lura da shi ba sai an je taro: akwai wadda ake zurawa ta ƙafa kamar safa, akwai mai buɗaɗɗen baya da ake naɗawa a ɗaure. Ta farkon ta fi kama ƙafa, amma sai kin cire takalmi kafin ki cire ta. A wurin da za ki sa kaya ki tuɓe sau huɗu a yini, mai buɗaɗɗen baya ta fi sauƙi, kuma in aka samu rauni masu ba da agaji na iya kwance ta ba tare da jan ƙafa ba. Gwajin duka biyun ɗaya ne: ki durƙusa, ki ja gwiwa a ƙasa, in ta zame ta bar ƙoƙon gwiwa to ta yi miki yawa ko robar maɗaurinta ta mutu.

Kariyar gwiwar hannu ba ta buƙatar dogon zance, ta kama kada ta sulluɓe. Ta wuyan hannu kuwa ki duba farantin da ke tafin hannu, in ya tsage ko ya cinye har ya yi kaifi a canza, don zai iya yankar wata.

Robar haƙora abu ne ƙarami da ke sauya wasa. Mai kauri da ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ita ce mafi arha, tana kuma kare haƙora, amma magana da ita a baki sai gurnani, shan ruwa sai an cire. Masu tarewa kuwa da baki suke aiki, dole su riƙa sanar da juna ta ina mai tauraro ke zuwa, balle a taro inda ba ku saba da juna ba. Ga shi doka ta hana cire ta a fili, sai in kina zaune a kujerar hukunci. Siririya irin ta SISU, mai kaurin milimita 1.6 da 'yan ramuka, tana manne wa haƙoran sama har a yi magana a sha ruwa da ita, shi ya sa ta cika filayen rola dabi. Wadda likitan haƙora ya auna ya yi miki ta fi duka zama, ta fi duka tsada, kuma ita ce hanya mafi aminci ga mai waya a haƙora ko haƙorin roba. Ko wacce kika zaɓa, ki tafi da biyu. Ita ce abin da ya fi ɓata a jaka, kuma in kika manta ta a mota cikin ranar Las Begas za ki tarar ta lanƙwashe.

Yanzu taya, inda na fi ganin ana asarar kuɗi da kwanaki. Ana auna taurinta da lamba mai harafin A a ƙarshe. Ta yawon titi kan kasance 78A, laushi sosai. Ta rola dabi kan faro daga wajen 84A ta haura 100A. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daɓe mai santsi, kamar gogaggen siminti da ya sha ƙura, yana son taya mai laushi da za ta kama ƙasa, daɓe mai riƙo, kamar katako mai fenti ko wasu falankan roba da ake jerawa, yana son mai tauri da za ta ɗan zame. Mutane sun fi tsoron santsi, amma riƙo ya fi shi mugunta. In taya ta zame, ki faɗi a kan kariyarki ki tashi. In ta kafe a ƙasa alhali jikinki na ci gaba da juyawa, idon sawu ne ke biya, kuma karayar idon sawu na cikin raunukan da aka fi sani a wannan wasa. Nauyin jiki ma na shiga lissafi: mai nauyi na danne taya ta kama ƙasa, don haka takan buƙaci lamba mafi girma fiye da siririya a daɓe guda.

To, saiti ɗaya za ki ɗauka ko biyu? Saiti ɗaya na tsaka-tsaki, kamar 92A ko 93A, zai yi aiki ko'ina ba tare da ya yi fice a ko'ina ba. Saiti biyu, a ce 88A da 95A, sun fi nauyi a jaka amma suna ba ki zaɓi uku, domin ana gauraya su. Tun da hagu ake zagayawa, tayoyin gefen hagu na kowane takalmi su ke tura ƙasa, sai a sa masu laushi a nan, masu tauri a dama. Ni wannan na fi so ga mai zuwa wurin da ba ta san daɓensa ba. In za ki yi haka, ki sa wa kowane saiti borisansa tun daga gida, biyu a kowace taya, 16 ke nan a saiti, don kada ki zauna ɓamɓarar boris ana kiran lambarki. Wajen faɗi da tsayi, mai milimita 59 a tsaye da 38 a faɗi ta fi saurin juyi, mai 62 da 44 ta fi zama daram ga sabuwar shiga amma takan harɗe da ta maƙwabciya a cikin cunkoso.

Takalmin kansa shi na bari a ƙarshe da gangan. Riedell R3, mai farantin roba a ƙasa inda ake ɗaura tayoyi, ya raini 'yan wasa da yawa a shekararsu ta farko. Farantin alminiyom ya fi ƙarfi, ba ya lanƙwasa ƙarƙashin mai nauyi, kuma takalman Bont ko Antik da ake ɗumamawa su bi siffar ƙafa sun fi daɗi nesa ba kusa ba. Duk wannan gaskiya ne, amma zai iya jira. Abin da ba zai jira ba shi ne birkin gaba. Ki ɗaure shi tamau kafin kowane wasa, ki duba notin kowace taya. Birkin da ya kwance ya faɗo a fili tarko ne ga mutum goma.

Sai tambayar da kowa ke yi: in saya a gida ko in bari sai na je can? Amsar ta danganta da kayan. Taya a can ta fi, bayan kin taka daɓen kin ji yadda yake. Hula da kariyar gwiwa ma akwai ribar gwadawa a jiki maimakon saye ta intanet da ka, muddin kin zo da waɗanda za ki fara da su. Takalmi kuwa ki auna ƙafa a can, ki saya in kin samu rangwame, amma ki mayar da shi kwali sai kin koma gida. Sabon takalmi na ɗaukar makonni kafin ya saba da ƙafa, kuma bororo guda a dunduniya ranar farko ya isa ya cinye miki sauran kwanakin da kika biya kuɗin jirgi da masauki dominsu.

A fili, dokokin da suka fi kare rai kaɗan ne. Ba a bugun kai, wuya, tsakiyar baya, ko ƙasa da tsakiyar cinya. Ba a bugu da kai, gwiwar hannu, sangalin hannu ko tafi. Kowane laifi zaman daƙiƙa 30 ne, laifi bakwai a kore ki daga wasan. In kin faɗi ki dunƙule jiki, ki dunƙule yatsu kada taya ta bi ta kansu, ki miƙe da sauri. In aka tsayar da turmi saboda ke, sai kin zauna turmi uku kafin ki dawo. Zobe, sarƙa da dogayen 'yan kunne su zauna a ɗaki, farce a yanke. Wanda ya sha abin maye ba ya hawa taya. Sannan wasanni da darussan taro ana raba su bisa matakin ƙwarewa, kuma ke za ki faɗi matakinki. Ki faɗi gaskiya. Wadda ta kai kanta cikin waɗanda suka fi ta ba kanta kaɗai ta jefa a hatsari ba, har wadda za ta yi tuntuɓe da ita.

Babu hular da ke hana girgizar ƙwaƙwalwa ɗungurungum, abin da take ragewa shi ne haɗarin fashewar kai da mafi munin rauni. In kin bugu kika ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko haske ya dame ki, wasanki na wannan rana ya ƙare, sai ma'aikacin lafiya ya duba ki. Na san zafin barin fili bayan doguwar tafiya, amma bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai haɗarin gaske. Ki kuma karanta takardar inshorarki tun kafin ki tashi, domin asibiti a Amurka tsada gare shi matuƙa, kuma inshorar tafiya da yawa na cire wasannin bangaza daga abin da take biya.

Zafin garin ma ba na wasa ba ne. A Yuli yakan haura digiri 40, kamar Sakkwato a Afrilu, kuma a ranar 7 ga Yulin 2024 ya kai 49. Cikin zaure akwai sanyin na'ura, amma iskar hamada busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ki san kin yi shi, don haka gorar ruwa ta zauna kusa, ki sha tun ba ki ji ƙishi ba.

Wajen shirya jaka, takalmi da robar haƙora su shiga jakar hannu, hukumar binciken filayen jirgin Amurka ta yarda a hau da takalmin taya. Hula ma ki riƙe ta a hannu, kada a jibga mata akwatuna. In babbar jaka ta makale a wani filin jirgi, za ki iya aron kariyar gwiwa, amma ba za ki samu takalmin da ya san ƙafarki ba. Sifana da makullin birki da ba su wuce inci 7 ba suna wucewa a jakar hannu, waɗanda suka fi haka su bi babbar jaka. Ki haɗa da riga baƙa da fara masu lambarki a baya, alƙalamin rubuta lamba a dantse, salatif mai ƙarfi, igiyar takalmi ta ko-ta-kwana, da safa fiye da yawan kwanakin da za ki yi. Kowane dare ki fito da kayan kariyar daga jaka ki shanya su, domin soson da ya kwana da gumi shi ke kawo ƙuraje a bayan gwiwa kafin rana ta uku.